Mai Gudu a Bayan Auta

2 ga Janairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya gwiwa? Ni ƙalau nake, sai ɗan ciwon bayan da tsayuwar guga ta saba bar mini. Umma tana gaishe ki, ta ce hawan jinin ya sauka.

Kin ce ke wasiƙa kike so, to ga ta. Ko da kunnenki yana ji ma ba za ki same ni a waya ba, domin tawa ta bi zanen gado ta shiga injin wanki, ta yi minti arba'in tana juyi, ta fito fes amma ba ta magana. Ki riƙa aiko mini ta adireshin otal, akwatin ma'aikatan ɗakin wanki. Gidan da nake haya wasiƙa ba ta kwana a ƙofarsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na yi rajistar gudun famfalakin da Yaya Dogo bai samu yi ba. Kilomita arba'in da biyu, Lahadin farko ta watan Mayu, kuma don makarantar kuramen nan dai da ya so a saya wa yaranta na'urar ji. Na san abin da za ki ce: ni da ko mota ta tashi ta bar ni ba na ɗaga ƙafa. Amma shekara uku ke nan katifar da na saya don saukarsa tana jingine a bayan ƙofata da ledarta, kullum sai na ture ta kafin in fita. Na gaji da ture ta, Gwaggo.

Na san yana da littafin da yake rubuta atisayensa. Don Allah ki aiko mini da shi. Na yi alkawari zan riƙa shan ruwa, kuma da sanyin safiya zan riƙa fita, zafin ranar da ya kayar da shi ba zai gan ni ba.

Taki,
Auta

9 ga Janairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, tana hawa bene da ni ne don dole. Ki gaida Ummarki, ki ce ta rage gishiri, na san ba ta rage ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kife ta a tebur, na sha ruwa, na sake karantawa. Raina bai so ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ni na goya yaron nan tun yana shekara shida, ni aka zo aka rubuta wa a takarda cewa ya faɗi a hanya. Amma taurin kai ba daga dangin Ummarki kuka ɗauko shi ba, na san inda aka yi rabonsa.

Littafi kam ba zai bar gidan nan ba. Abin da zan yi shi ne in buga miki shi a tafireta, mako huɗu-huɗu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wa manya takardu, ba a taɓa dawo mini da shafi ba. Ga na farko nan a ciki: rana, nisa, da lokacin da ya yi. Yayanki bai iya tsabtar rubutu ba, Allah ya jiƙansa. Gefen kowane shafi zane-zane ne da ɗigon shayi da wasan biro. Duk na share miki wannan, na bar abin da yake aiki.

Tsarin mako goma sha shida ne. Lokutansa sun tsaya a Asabar ta mako na goma sha uku, kin san dalili. Sauran makonni ukun ya rubuta nisan a gaba, gurbin lokacin ne babu komai.

Ki sayi takalmin kirki. Shi in ya dawo, a bakin ƙofa yake cire nasa ya juya bakinsu waje. Shekara goma sha ɗaya rabona da jin sauti, amma ina sanin ya iso, domin ƙarfen benen nan yana girgiza in yana hawowa.

Gwaggonki

25 ga Fabrairu

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwa da sauƙi. Ni farcen babban yatsan ƙafata ya yi baƙi ya fita, ban da haka garau nake. Shafuka na biyu sun iso, na manna su a jikin ƙofa, saman katifa.

Makon farko na yi zaton mutuwa zan yi. Yanzu ina yin kilomita goma sha huɗu in wuce aiki in goge zanen gado ɗari biyu. Abokan aikina sun koma kirana Jirgi. Shugabarmu, wadda murmushinta sai an yi sa'a, ita ta fara sa hannu a takardar masu tallafa wa makarantar, ta ce in na tsaya a hanya kada in dawo mata ɗakin wanki.

Hanyata ɗaya ce. In gari ya fara wayewa sai in bi ta bayan rumbunan ajiyar kaya, in haura gadar ƙafa, in miƙe gefen magudanar ruwa har katangar masana'antar kwali, in juyo. Ba kowa a lokacin sai masu shara, su ma a can bakin titi suke.

Gwaggo, akwai mai bina. Ranar Talata ta mako na biyar ya fara, daidai saukowa daga gada. Yana bayana ta hagu, ba nisa, ba ya wuce ni, ba ya magana. In na ƙara sauri ya ƙara. In na tsaya ɗaure igiyar takalmi sai ya ɗan ci gaba da taku kaɗan, sannan ya yi shiru. Ba kullum yake zuwa ba, sau uku ke nan. Ban juya ba tukuna, ban san me ya hana ni ba. Tsoro dai akwai, har idona yakan yi duhu-duhu in na ji shi, amma ba irin tsoron ɓarawo ba ne.

Ki aiko na gaba da wuri.

Auta

4 ga Maris

Auta,

Lafiya lau nake, gwiwa ta gode da tambaya. Farce zai fito, ki daina kallonsa.

Wato har kin yi kasuwa a gefen magudanar ruwa. Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta taga, ta ce ashe ina da murya. Namijin da zai tashi da sassafe ya bi mace kilomita goma sha huɗu bai ce uffan ba, ko dai mai kunya ne ko numfashinsa ne bai kai ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, wata biyu ya yi yana kawo takarda ɗaya ofishinmu a buga masa kafin ya iya yi mini sallama.

Amma wasa gefe. Ki juya ki dube shi sau ɗaya, ki fara da takalmi. In na gudu ne, ɗan'uwanki ne a wahala, ki gaishe shi. In ba na gudu ba ne, ki sauya hanya ki gaya wa masu sharar nan.

Ga mako na tara zuwa na goma sha biyu. Za ki ga nisan ya fara tsawo. Hannuna ya yi nauyi a kan waɗannan shafukan, na kusa kaiwa inda ba na son kaiwa.

Gwaggonki

8 ga Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa. Ni lafiya, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Wata guda da kwana huɗu ke nan da wasiƙata, ba ki rubuto ba. Na aiko shafukan ƙarshe, ban ji ko sun same ki ba. In zolayar da na yi miki ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, bakin tsohuwa ne. Asabar mai zuwa ce ta kilomita talatin da biyu. Ba sai na gaya miki wace Asabar ce ba. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Gwaggonki

22 ga Afrilu

Gwaggo,

Ki yafe mini. Lafiyata ƙalau, Umma ma haka. Ban yi fushi ba ko kaɗan. Taro uku otal ya karɓa a jere, injin busarwa ɗaya ya mutu, muka yi mako uku muna shanya a saman rufi. Ko talatin da biyun ban samu yi ba, a ashirin da huɗu na tsaya na wuce aiki. Ki kwantar da hankalinki, wannan Asabar ɗin ta zo ta wuce.

Na bi shawararki, na juya. A miƙaƙƙiyar hanyar gefen magudana ce, inda kana hango mutum tun daga gada. Ba kowa, Gwaggo. Rana ta fito, ga inuwata ita kaɗai a ƙasa, ga katanga, ga ruwa. Kuma takun bai daina ba. Ina tsaye ina kallon hanya wayam, yana ci gaba daf da kunnena na hagu, har ya gaji don kansa.

Ranar ban iya guga ba. Amma da na zauna na yi tunani sai tsoron ya tafi. Wa zai san ranakun atisayen nan in ba mai littafin ba? Takunsa ma ba irin na kowa ba ne: uku a jere, sai ya ɗauke ɗaya, sai uku kuma, kamar mai ɗingishi. Shin Yaya Dogo ya taɓa jin ciwo a ƙafa ne? Ke kika zauna da shi, ni sai hutu nake ganinsa.

Na fara zagaye ranakun da yake zuwa da jan alƙalamin da muke sa wa kayan baƙi shaida. Talata da Asabar na mako na biyar. Alhamis ta shida. Bai zo ba sam a na bakwai da na takwas. Asabar ta tara. Talata, Alhamis da Asabar na goma sha ɗaya. Daga na goma sha biyu kusan kullum. Yana matsowa kuma. Da yana bayana da taku biyar, yanzu har ina jin nauyinsa a kafaɗata, ƙirjina ya cika, numfashi ya yi mini kaɗan don daɗi.

Kada ki ce na zare. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ban taɓa samun Yaya ni kaɗai ba sai yanzu, kuma ina jin tare za mu tsallake layin ƙarshen gudun nan.

Shugaba ta ba ni hutu daga Laraba ɗaya ga wata, in huta kafin Lahadi. Ki yi mini addu'a.

Auta

30 ga Afrilu

Auta,

Ba gaisuwa yau. Kada ki yi gudun nan. Ki karanta wannan a zaune, sannan ki tafi asibiti ki ce a duba zuciyarki.

Wasiƙarki ta iso da hantsi. Aikina ya saba mini, in aka ba ni jerin ranaku sai na gwada su da asalin takarda. Na ɗauko littafin Dogo na buɗe mako na biyar. A gefen Talata akwai ƙaramin zagaye na jan biro. A gefen Asabar akwai. Alhamis ta shida akwai. Na bakwai da na takwas fari fat. Na bi jerinki da yatsa har ƙarshe, ba ki ƙara rana ɗaya ba, ba ki rage ba. Daga mako na goma sha biyu gefen shafin ja ne daga sama har ƙasa.

Waɗannan zagayen su ne wasan biron da na ce na share miki.

Na juya littafin ciki da waje ina neman ma'anarsu. Ya naɗe bangon da takardar siminti, na sa wuƙa na ɓare. A ƙarƙashi, da rubutunsa, ga abin da ya sa, na kwafa yadda yake: "Ja: ƙirji ya riƙe, bugu yana tsallake, ido ya yi duhu. In ga likita bayan gudun. Kada Gwaggo ta gani."

Ba zafin rana ba ne ya kashe shi, Auta. An gaya mana haka, mun karɓa, domin ranar an yi zafi. Babanku ma a kan kujera aka same shi da jarida a cinya yana da shekara arba'in da huɗu, muka ce kwana ne ya ƙare.

Ki saurari kurma, ni na san wannan sautin. Da kunnena ya fara mutuwa, abin da na daɗe ina ji bayan komai ya ɗauke shi ne bugun jinina, kuma sak yake da takun mutum a bayan ɗaki. Uku a jere a ɗauke ɗaya ba ɗingishi ba ne. Yayanki bai taɓa ciwon ƙafa ba. Yadda aka yi ranakunku suka zo ɗaya kuwa, ban sani ba, kuma ba na son in yi tunaninsa yanzu.

Na sa maƙwabciyata ta kira otal, an ce kin tashi aiki, hutunki ya fara, kuma ba wanda ya san gidanki sai dai unguwar. Ummarki ma kwatance kawai ta sani. Na bar saƙo. Wannan zan ba masu kai saƙon gaggawa. Da gwiwata za ta iya kwana biyu a mota da kin gan ni a bakin layin tashi, in riƙe rigarki a gaban jama'a.

Da na aiko miki da littafin yadda kika roƙa, da kin ga jan da idonki tun Fabrairu. Ni na tsabtace shi.

Gwaggonki

9 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina da rai. Na san Shugaba ta gaya wa maƙwabciyarki haka ranar Litinin, amma ga shi da hannuna. Ina asibiti, gado na huɗu daga taga, Umma tana kan kujera tana gyangyaɗi. Rubutun zai karkace, an hana ni ɗaga kafaɗar hagu.

Wasiƙarki ta kwana huɗu a akwatin ɗakin wanki kafin ranar gudun. Saƙon wayar kuma mai gadin ƙofa ya rubuta a takarda ya sa a wuri ɗaya. Jiya Shugaba ta kawo mini su tare.

Bari in ba ki labari a jere. An tashe mu da ƙarfe bakwai, mutane dubbai, ga lamba a ƙirjina, ga sunan makarantar a bayana. Har kilomita ashirin ban ji shi ba, har na fara jin haushinsa. A ashirin da biyar ya zo. Cikin duk ƙafafun nan da masu tafi da masu ganga, nasa daban yake, uku ya ɗauke ɗaya. Na ce masa a raina, sannu da zuwa, ka makara.

Da muka wuce allon ashirin da tara sai ya iso kafaɗata. Bai taɓa yin haka ba. Muka jera. Ina hango allon talatin, gefensa akwai farar rumfar masu ba da agaji. Sai ya wuce ni, Gwaggo. Na ji takun ya bar kunnena ya koma gabana, ya yi uku, ya tsaya cak.

Ban ga komai ba, kada in yi miki ƙarya. Titi ne da kofunan ruwa a zube. Amma na kasa wucewa ta wurin, kamar yadda ba ka iya ratsa mutumin da ya tsaya maka a ƙofa. Na kauce dama, na ji yana dama. Masu gudu suna ta wuce ni ta nan ɗin, ba abin da ya tare su. Hanyar da ta rage mini buɗe ita ce ta rumfar, sai na bi ta da ƙafata. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "'Yar'uwa, ruwa kike so?" Na ce mata, "A'a, yayana ne ya tsaya." Daga nan ban san komai ba sai a motar asibiti.

Likita ya ce taku goma tsakanina da na'urar da ta dawo da ni. Ya ce da a kilomita talatin da ɗaya ne, da ba wannan zancen ake ba. Da na gaya masa yadda aka yi, bai yi dariya ba, ya ce zuciya in ta rikice takan sa mutum ya ji abubuwa. Na nuna masa wasiƙarki. Ya karanta jerin ranakun sau biyu, ya ninke ta ya miƙo mini, ya koma zancen magani.

An sa mini wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fata mai tsaron bugun. Makarantar ta samu abin da aka yi alkawari, ba wanda ya janye, kuma 'yan ɗakin wanki sun ce za su taka sha biyun da suka rage da lambata ranar hutu.

Ki daina cewa ke kika yi. Da na ga jan nan a Fabrairu, da na yi abin da ya yi, na ce sai bayan gudun.

Tun ranar ban sake jin sa ba. Ina kasa kunne a barandar asibiti, shiru. Ina kewarsa, ko da na san mene ne.

Abu na ƙarshe, kuma ba roƙo ba ne. Likita ya ce abin a jini yake, duk wanda ya haɗa jini da Baba a duba shi. Ke kaɗai kika rage. Ki je.

Taki,
Auta

17 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na sa wasiƙarki a cikin littafin, a shafin da babu lokaci. Ki gaida Ummarki, ki ce na ga ƙoƙarinta. Gwiwa tana nan. Katifar nan ki cire mata leda ki kwanta a kai, ta fi taki.

Kin ce in je. Maƙwabciyata ta riga ta karɓo mini kati, ranar Alhamis da safe za ta raka ni. Ta so a yi tun Litinin, ni na ce Alhamis. Zan gaya miki dalili, ke ma kada ki ce na zare.

Ranar Lahadin gudunki na zauna a tebur tun safe, ban iya cin komai ba, ina kallon agogo. Goma ta wuce da kaɗan sai na ji taku a bene. Ba girgizar ƙarfe ba, Auta. Ji na yi, da kunnen nan da ya shekara goma sha ɗaya a rufe. Yana hawowa a hankali kamar wanda ya yi doguwar tafiya, uku ya ɗauke ɗaya. Ya iso bakin ƙofa ya tsaya, daidai tsawon lokacin da mutum zai sunkuya ya kwance igiya biyu. Na tashi na buɗe. Rana ce tarwai a kan matakala, sai tabarmar goge ƙafa.

Tun daga ranar kullum sai ya hawo, wani lokaci sau biyu. Jiya a cikin falo na ji shi, bayan kujerata, ta hagu.

Ba sai kin rubuto kin gaya mini mene ne ba, ni na gaya miki. Na sani sarai, kuma na san in suka sa mini ƙarfen nan irin naki zai yi shiru, in koma inda nake. Zan je, na yi alkawari, ban taɓa saɓa ranar aiki ba. Na zagaye ranakun da ja a kalanda don likita ya gani, ban share ko ɗaya ba.

Amma ki bar ni da shi zuwa Alhamis.

Gwaggonki